Batirin Kawu Abdulgafar

Ikilima ta fara jin sunan Abdulgafar ne ranar da ta kwance tocilar Kaka Lantana. Lokacin tana ƙarama, ko lakwal, makarantar boko, ba a sa ta ba. Ta ɓuya a bayan rumbu, ta cire murfi, ta zazzage batura, ta zaro ƙwan, wai tana neman inda hasken yake kwana da rana. Kaka ta zo ta same ta da kayan a cinya, ta riƙe haɓa ta ce, "To, ga shi nan. Jinin Abdulgafar ya tsallake maza ya faɗo kan mace."

"Wane ne Abdulgafar, Kaka?"

"Wani mara jin magana ne da na haifa a ƙarshe. Haɗa mini tocilata kafin in haɗa ki da tsumagiya."

Daga baya ta gane autan Kaka ne, ƙanen mahaifiyarta, kuma yana Libiya tun kafin a haife ta. A gidan ba a tuna shi sai wani abu ya lalace. Rediyo ya yi shiru, a ce da Abdulgafar yana nan. Rediyon ya gyaru da kansa, a ce gara da ba ya nan, da ya ƙarasa shi. Sunansa kuwa Kaka tana kiransa gatsau, saɓanin babban ɗanta, Alhaji Sule dillalin dabbobi, wanda ba ta taɓa furta sunansa ba don shi ne ɗan fari. Ko magana ba ta yi masa kai tsaye. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa, in kuma tana da saƙo sai ta ba wani ya faɗa masa alhali yana durƙushe a gabanta.

Abdulgafar ya dawo Belbeji shekarar da Ikilima ta shiga kwaleji a Tanut. Ya yi gadin sito a Sabha ta Libiya, ya yi gyaran salula a Tamanrasat ta Aljeriya, ya dawo yana ɗingishi, ba mata, ba mota. Mutanen unguwa da suka zo sannu da zuwa sun yi ta leƙen kayansa. Bargo ɗaya ya kawo wa Kaka. Sauran kuwa farantan sola biyu ne, da wani ƙaton batir da sai da ƙarti biyu suka ɗauka, da wani ɗan baƙin akwati da bai fi sandar sabulun wanki ba, mai ɗigon fitila a goshi. Ya kafa dogon ƙarfe a kan ɗakin zaure don kama rezo, wato layin sadarwar salula, ya jona wayoyinsa, ya shimfiɗa buzu ya zauna. Kafin wata ya mutu gari ya raɗa masa suna: mai gadin sabulu.

Sunan bai yi ƙarya ba, gadi ne aikinsa. Ƙasarsu ta Damergu ta tura samarinta arewa, wasu Aljeriya, mafi yawa Libiya, kuma da can duk abin da yaro ya aiko wa uwarsa sai ya bi hannun direba. Wani saƙon ya iso da giɓi, wani ya iso bayan akuyar da aka so ceto ta mutu, wani kuma har yau yana hanya. Abdulgafar da abokinsa Dodo, wanda suka yi rumfar gyara tare a Tamanrasat, suka shirya wata hanyar. Yaro ya biya can, kuɗin ya zo ta cikin akwatin a matsayin bitkoyin, kuɗin intanet, wani ɗan kasuwa a Damagaram ya karɓi bitkoyin ɗin ya aiko da sefa, ranar kasuwa uwa ta zo zaure ta karɓi nata. Da yawansu ma ba sa karɓa nan take. Sukan ce ya riƙe musu a ciki sai bazara, lokacin da ciyawa take ƙarewa, dusa da gurya suke tsada.

Da Ikilima ta gama kwaleji ta dawo zama wurin Kaka, ita ce mai kai masa tuwo. Kullum takan tarar ya riga ya goge farantan da tsumma, ya zauna da salularsa yana duba jerin waɗanda akwatinsa yake haɗe da su. Maƙwabta yake kiransu. Kowane da ɗigo a gefen sunansa, tsanwa in yana nan, ja in ya ɓace. Yakan bi su ɗaya ɗaya kamar mai gaisuwar safe. "Dodo ya tashi lafiya. Na Damagaram wutarsu ta ɗauke, zai dawo. Wannan kuwa," ya nuna wani suna da baƙaƙen da ba sa karantuwa, "maƙwabcin da ba ya gaisuwa ke nan. Ban san garinsu ba, ban san fuskarsa ba. Amma ta ƙofarsa yaran Libiya suke shigowa, don shi ne mai araha."

Wata rana ta ce, "Kawu, wai me kake tsaro? Abin nan ko ɓera ba zai ɗauka ba."

Ya jawo wani tsohon carbi da ya tsinke ya ɗaure bakinsa biyu, ya miƙa mata kai ɗaya, ya riƙe ɗaya. "Wannan ita ce igiyar da ke tsakanina da kowane maƙwabci. In yaro ya biya can, maƙwabci ya turo 'ya'yan carbi gefena." Ya turo mata uku da ɗan yatsa. "Sai mu biyu mu sa hannu, ga inda muka tsaya yau. Maganar jiya ta mutu."

"In wani ya ƙi yarda ta mutu fa?"

"Yauwa. Kin fi Alhaji kai, kada dai ki faɗa masa. In ya ɗauki maganar jiya, lokacin da 'ya'yan carbi suke gefensa, ya kai kasuwa ya ce a raba mu a kanta, kasuwa ba ta yankewa nan take. Tana ba da wa'adi, kamar mako biyu, ko mai ja zai fito. In akwatina yana farke, shi da kansa zai miƙe ya ce ƙarya ne, ga maganar yau. Sai a kwashe carbin duka a ba ni, horon maƙaryaci ke nan."

"In yana barci?"

"Wa'adi ya cika, maganar ɓarawo ta zauna."

"Wace irin kasuwa ce wannan?"

"Wadda ba ta da sarkin kasuwa. Kowa shaida ne, amma ba wanda za ki kai wa kuka."

Saboda haka Abdulgafar ba ya kwana a wani gari. Biki ya wuce shi, suna ya wuce shi, taron tarbar Alhaji Sule daga Makka a Tanut ma leƙawa ya yi ya juyo kafin a sauke tukunya. Dodo ya sha gaya masa akwai masu gadi na haya a wannan harka, waɗanda suke sa ido a madadin mutum in akwatinsa ya mutu, ya nemi ɗaya. Shi kuma da taurin kan da Kaka ta faɗa tun farko ya ce, "Ina da ido biyu da batir, me zan yi da idon haya?" Wannan kuskurensa ne, kuma Ikilima ba ta taɓa ɓoye shi ba. Abin da ba ta yarda ba shi ne a ɗora masa wanda ba nasa ba.

Tsakaninsa da wansa kuwa dama akwai tsami, ya ƙara tsami lokacin auren ɗan Alhaji. Alhaji ya aiko a ari batirin na kwana biyu don lasifika da fanka, saboda wutar gari ba ta da alkawari. Abdulgafar ya ce a gaishe da Yaya, a ce masa ga babur, ga tabarmi, ga shi kansa in ana neman mai ɗaukar kujeru, amma batir ba ya fita. Alhaji ya riƙe wannan a ciki. A majalisa yakan ce, "Ƙanena ya auri sabulu, batir ne sadakin."

Cikin matan da suke zuwa zauren akwai Raishatu, makiyayiya daga wata ruga a wajen Tenhya, doguwa, mai ƙarancin magana, Hausarta ta kasuwa ce. Ɗanta Idris yana dakon siminti a Sabha. Takan zo a kan jaki, ta kawo wa Abdulgafar cuku a ƙulle cikin tsumma, ta zauna nesa da akwatin kamar mai gudun kada ya yi tsalle. Ba ta tambayar nawa ne. Takan ce, "Yana nan?" Ya duba ya ce, "Yana nan, Inna, ya ma ƙaru." Ta ce, "Bar shi sai bazara." Ta sha ruwa ta hau jakinta.

A bazarar ce sanƙarau ya kama shi. Ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin a gama shawarar a kai shi Damagaram rai ya yi halinsa. Aka binne shi da hantsi, rana kamar ta sauko ƙasa.

Sai ga Alhaji Sule ya tashi haiƙan. Mutumin da bai taɓa zama a buzun ƙanensa ba ya ce ba za a yi wa ɗan gidansu makokin talaka ba. Aka kafa rumfuna har tsakiyar titi, aka yi waya Tarka da Tanut da Damagaram, aka aro firiza daga wurin mai sayar da lemo. Ikilima tana cikin gida tana dama fura ga mata ta ji ana jan abu mai nauyi a zaure. Ta fito da ludayi a hannu, ta tarar ƙarti biyu sun cire wayoyi sun ɗaga batirin, wani yana kan rufi yana sauke farantan. Ɗigon fitilar da ke goshin akwatin ya mutu a kan idonta.

Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Kawu, wannan batirin ba a cire shi."

Alhaji ya dube ta. "Wa ya ce?"

"Shi ya ce."

"Shi yana ƙasa, Allah ya ji ƙansa. Baƙi suna sama, rana tana dukansu. In bar limamai da manyan mutane su sha ruwan zafi don sabulu ya sha wuta?"

"Akwai kuɗin mutane a ciki, Kawu. In ya daɗe a kashe ana iya kwashewa."

"Abin da ke kashe, a ɗaki, ɗakin da kwaɗo, wa zai kwashe? Aljani?" Ƙartin suka yi dariya ƙasa ƙasa.

"Ya bar magana a wurina. Ya ce..."

"Wasiyya a bakin ɗiya mace, ba shaida? Riƙe abinki. Kabarin kawunki bai bushe ba kina maganar kuɗi. Kayan mamaci ba a taɓa su sai arba'in, ranar rabon gado. Haka muka tarar." Ya ja ƙofar, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Batirin dai, da alama, ba ya cikin kayan da ba a taɓawa.

Haka aka zauna makokin Abdulgafar a kan batirinsa. Firiza tana gurnani a gefen rumfa, fanka tana kaɗa manyan riguna, lasifika tana kai addu'a har bayan gari. An jona wata doguwar waya mai baki da yawa, salulolin masu gaisuwa sun yi layi a kanta kamar awaki a kwami. Kowa ya zo sai ya yaba. An ce Alhaji ya fitar da ƙanensa kunya.

Washegari Raishatu ta iso. Dusa ta zo saya, shanunta sun fara kwanciya, a bakin kasuwa ta ji labari. Ta shigo wurin mata ta yi gaisuwa, ta zauna a ƙarshen tabarma. Aka miƙo mata ruwa mai ƙanƙara, ta sha ta rufe ido ta ce, "Ruwan sanyi a wannan zafi. Allah ya kai ladan kabarinsa." Ikilima ta matsa kusa da ita ta gaya mata komai a kunne, ta ce, "Inna, ke mai haƙƙi ce. In kin yi magana a gaban maza, dole ya buɗe."

Raishatu ta girgiza kai. "Ɗiyata, ni in tambayi kuɗi a kan tabarmar makoki? Mutumin da bai taɓa ce mini dawo gobe ba? A'a. Zan dawo arba'in. Shanu su yi haƙuri."

Da la'asar salular Ikilima ta yi ƙara, lambar Aljeriya. "Ikilima ce? Dodo ne. Ɗigon ɗan'uwana Abdulgafar ya yi ja a wurina tun jiya, bai taɓa yin haka ba. Na kira shi ba a ɗauka. Rezo ne ko batir?"

Ta gaya masa. Ya yi salati, ta ji yana jan hanci. Sannan ya ce, "Igiyata da shi ba abin da zai taɓa ta, ko shekara za a yi. Amma wancan da ba ya gaisuwa, shi ma yana ganin jan nan da nake gani. Ba ni Alhaji."

Ta aika aka kira Alhaji zaure, ta miƙa masa salular da hannu biyu. Ya saurara, yana cewa, "Uhm. Uhm. To, madalla. Mun gode da gaisuwa." Ya kashe ya dube ta. "Mutumin da ke kira daga wata ƙasa yana tambayar akwatin mamaci tun ba a yi sadakar uku ba, me yake nema? Yana so a kunna ya zuƙe abin da ke ciki, ke kuma ya same ki da karatun boko kina taya shi." Kafin magariba ya buɗe ɗakin, ya naɗe akwatin a cikin rawani, ya kai gidansa ya kulle a adakar ƙarfe. Da aka yi bakwai aka watse, batirin da farantan ma can suka bi shi. Ya ce kayan gado a hannun babba suke zama. Firizar ba a mayar ba, ya saye ta. Kafin mako ya zagayo yaran gidansa suna yawo da ƙanƙara a kula suna sayarwa a tasha.

Ikilima ta je ta faɗi a gaban Kaka. "Ke kika haifi Alhaji. Ki ce ya buɗe."

Kaka, wadda tun ranar jana'iza ba ta rabu da bargon Libiya ba duk da zafin, ta ce, "Shekara nawa ban ɗaga ido na dube shi ba, yau in buɗe baki in ba shi umarni? Ki faɗa masa na ce a duba maganar yarinyar nan." Ikilima ta kai saƙo. Alhaji ya ce, "Ki gaya wa Inna ana dubawa."

Ana nan Dodo ya sake kira, muryarsa ta canza. "Wancan ya yanke igiyarsa shi kaɗai, ya kai kasuwa. Ina gani daga nan, kowa ma yana iya gani. Da wace magana ya kai, ta yau ko ta da, ni ban sani ba, akwatin ne kaɗai ya sani. Wa'adi ya fara tafiya. Ba a bukatar komai, Ikilima, a jona shi kawai ya ga rezo, ko na tsawon dahuwar shayi ne. Sauran shi zai yi da kansa."

Ta yafa mayafi ta tafi wurin limamin unguwa. Ta yi masa bayani da carbinsa, kamar yadda aka yi mata. Dattijon bai gane kasuwar ba, amma ya gane abin da ya fi muhimmanci. Ya ce, "Amana ba gado ba ce. Ba ta jiran arba'in, ba ta jiran bakwai. Zan same shi bayan sallar Juma'a." Bayan sallar Juma'a aka ce Alhaji ya bi motar raguna kudu tun asuba, Babbar Salla ta matso, ciniki ba ya jira. Makullin adaka yana aljihunsa. Liman ya kira shi a gabanta. Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta malam, abin da ke kulle ai ya fi tsaro. In na dawo." Ikilima ta je gidan da kanta ta roƙi matarsa a fasa adakar, ita za ta biya maƙeri. Matar ta ce, "In fasa adakar maigida a bayansa, kan kayan gado? Ke ba ki son in ƙara kwana a gidan nan." A tsakar gidan firiza tana ta gurnani. Adakar tana cikin ɗaki, tsakaninta da batirin bango ɗaya ne.

Ranar arba'in aka sake kafa rumfa, aka dafa shinkafa. Bayan addu'a liman ya sa aka kawo komai zaure, aka kira masu haƙƙi. Mata suka cika ƙofar, Raishatu tana cikinsu, ta rame, jakin ma ba ta zo da shi ba. Alhaji ya kwance rawanin ya ajiye akwatin a tsakiya ya ce, "Ga shi nan yadda na ɗauke shi. Ko ƙura bai yi ba." Ya kalli Ikilima. "To, malama, bismilla."

Ta jona wayoyin kamar yadda ta saba gani. Fitilar goshi ta kama. Aka daɗe ana jira yana kamo abin da ya wuce shi, mutane suna fifita da gefen mayafi. Ɗigon Dodo ya fara zama tsanwa, igiyarsa cike yadda aka bar ta. Na Damagaram ya biyo. Inda sunan maƙwabcin da ba ya gaisuwa yake kuwa, an rubuta an rufe. Ya kai maganar ranar farko, ranar da aka ɗaura igiyar, lokacin da duk 'ya'yan carbi suke gefensa. Kasuwa ta jira mai ja, mai ja yana naɗe cikin rawani, wa'adi ya cika tun tuni. Duk abin da yaran Libiya suka aiko aka ce a riƙe sai bazara ya tafi.

Ta faɗa musu a fili, ba ta rage komai ba, har da ranar da aka rufe, har da inda akwatin yake a ranar. Sai Alhaji ya sauke numfashi ya tafa hannu a hankali.

"Dama na san za a rina. Abu yana adakata, makulli yana jikina har Kano, ta ina ɓarawo ya shiga? Ba abin da aka sata. Tun farko ba komai a ciki, iska ce. Ya karɓi na bayin Allah ya ci, ya riƙa nuna musu fitila." Ya shafa fuska. "Ƙanena ne, ba zan tona shi ba. Allah ya yafe masa."

Aka amsa da amin. Wannan amin ɗin ne Ikilima ta kasa haɗiyewa har yau. Maganar Alhaji ta fi sauƙin ɗauka, kowa ya san adaka, kowa ya san makulli, ba wanda ya san kasuwar da ba ta da sarki. Kafin rana ta faɗi ta kai tasha, kafin kasuwa ta sake ci ta kai Tarka. Mutumin da ya ƙi biki, ya ƙi suna, ya zauna shekaru a kan buzu yana goge faranti don kada kuɗin wata ya yi ciwon kai, shi ne ya zama wanda ake nema wa gafarar cin amana, kuma a bakin waɗanda suka yi cajin salula a makokinsa.

Bayan Alhaji, Raishatu ce kaɗai ta yi magana a zauren. Ta miƙe ta gyara zane ta ce, "Ni ban san akwati ba. Na san duk ranar da na ce ba ni, ya ba ni." Ta fita. An ce ta sayar da karsana biyu a farashin akuya don ta ceci sauran. Idris bai ƙara aiko da komai ta Belbeji ba.

Abin da ke igiyar Dodo ya fito cif, iyayen yaran Aljeriya suka karɓi nasu. Liman ya ce a sayar da kayan mamaci a rage wa sauran asara kafin a yi maganar gado. Aka sayar da babur, da gado, da kayan gyara. Bai kai ko'ina ba. Batirin da farantan Alhaji Sule ne ya saya, a kuɗin da shi da kansa ya yanka, ya ce ya yi ne don rufin asirin gida. Akwatin ba wanda ya taya. Yana cikin kwallar Kaka, kusa da tsohuwar tocilar nan.

Yanzu duk inda aka ambaci Abdulgafar wani ya ce Allah ya yafe masa da irin muryar nan, a wurin suna ne ko a bakin famfo, Ikilima takan ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Amin, dukanmu. Amma tsaya ki ji." Ta ciro carbi ta fara daga farko. Wasu suna saurara. Wasu suna cewa ɗiyar nan bakinta ya yi ɗaci, za ta wahala da miji. Alhaji ya daina amsa gaisuwarta, ita kuma ba ta daina durƙusawa ba.

Maganar da ya hana ta ƙarasawa a bakin zaure kuwa, ba doguwa ba ce. Ranar da ɗan aiken Alhaji ya koma hannu rabbana lokacin bikin nan, ta shigo da tuwo ta tarar da Kawu Abdulgafar a tsugune yana kankare farin gishirin da ya taru a kan batirin da tsinke. Yana dariya shi kaɗai. Ta ce, "Kawu, ka ɓata wa Alhaji rai."

"Na san Yaya," ya ce. "Ba mugu ba ne, taro yake so. Ranar da na mutu sai ya tara Damergu kaf, ki zuba ido." Ta yi dariya ta ce Allah ya kawo nesa. Shi ma ya yi dariyar, sannan ya ajiye tsinken ya dube ta.

"Da gaske nake, Ikilima. In ranar ta zo, su ɗauki babur, su ɗauki gado, su ɗauki rigar sallata. Baƙi su sha ruwan randa, ba wanda ya taɓa mutuwa da shi. Ki gaya musu na ce a bar mini batirina."